Katin gaisuwa na hannu: Ƙaramar sana'ar da ke riƙe zumunta a gindin dutsen Kagoro

Duk wanda ya taso a Kagoro ko Kafanchan kafin wayar salula ta shiga hannun kowa, zai iya tuna wata igiya da ake ɗaurawa a falo idan watan Disamba ya kama. Daga wannan kusurwar bango ake jan ta zuwa waccan, wani gidan zaren saƙa ne, wani gidan igiyar shanya, sannan a riƙa rataya mata katunan gaisuwa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon yadda suke isowa. Wannan daga ɗan gidan da ke aikin soja a Legas, wancan daga ɗiyar da aka aurar a Jos, ga na tsohon abokin aiki a reluwe, ga na faston da aka yi wa sauyin wurin aiki. Baƙon da ya shigo gaisuwar Kirsimeti, kafin a ajiye masa shinkafa da nama ya riga ya ɗaga kai ya ƙirga, ya kuma san irin jama'ar da maigidan yake da ita.

Yau da wuya a shiga gida a tarar da wannan igiya. Gaisuwa ta koma cikin waya, inda mutum zai ɗauki hoto guda mai ƙyalƙyali ya tura wa mutum ɗari a lokaci ɗaya, su ma su tura wa wasu, har ya zagayo ya dawo wa wanda ya fara aikawa. Masu baje katuna a bakin titi da yawansu sun canza haja. Sai dai akwai wani nau'in kati da bai bi sahun sauran ba, wato wanda ake yi da hannu: a yanka kwali, a manna masa takarda mai ado, a buga masa hatimi da tawada, a rubuta sunan mutum ɗaya tak a cikinsa. Yara kan yi shi a makarantar Lahadi da kuma darasin zane a firamare, matasa masu haɗa kayan kyauta kan yi shi don samun na ɓatarwa. Irin wannan kati ba ya shiga waya, kuma tun da akwatin gidan waya ya daina zama hanyar kowa, dole ne wani ya ɗauka ya kai shi da ƙafarsa.

Garin da Disamba ke cikawa

Kagoro na cikin Ƙaramar Hukumar Kaura a kudancin Jihar Kaduna, 'yan kilomitoci kaɗan daga Kafanchan, a kan hanyar da ke haurawa zuwa Jos. Mutanen garin na kiran kansu Agworok, harshensu kuma Gworok, ɗan'uwan Tyap da wasu harsunan maƙwabta. Dutsen da ya tokare bayan garin, wanda matafiyi ke hangowa tun daga nesa, shi ne mafakar kakanninsu a zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi, kuma da shi ake kiran babban bikin garin, wato Afan, kalmar da ke nufin dutse.

Ranar 1 ga Janairun kowace shekara ake gudanar da bikin Afan a filin fadar Sarkin Kagoro. Asalinsa biki ne na kammala girbi da buɗe lokacin farauta. Mafarauta kan fito da kwari da baka, ana busa ƙaho, ƙungiyoyin rawa na gundumomi da na ƙabilun maƙwabta suna wucewa a jere. Marigayi Malam Gwamna Awan, wanda ya riƙe sarautar Kagoro daga 1945 har rasuwarsa a 2008, shekara 63 ke nan, a zamaninsa ne bikin ya bunƙasa har sunansa ya kai ko'ina a Najeriya, magajinsa Ufuwai Bonet kuma ya ɗora daga inda ya tsaya.

Saboda haka makon da ke tsakanin Kirsimeti da Sabuwar Shekara ya fi kowane mako cika a garin. 'Yan asalin Kagoro da ke Kaduna da Abuja da Legas da ƙasashen waje kan dawo gida, ana ɗaura aure, ana taron dangi, ƙungiyoyin ci gaban ƙauyuka na zama. Hunturu ya sauko, amfanin gona ya shiga rumbu, kowa kuma na da bashin gaisuwa a wuyansa: na iyaye, na surukai, na malamin da ya koyar da shi a firamare, na maƙwabcin da ya yi rashi a cikin shekarar. Wannan ita ce kakar mai yin kati.

Daga Landan zuwa gindin dutse

Katin gaisuwa baƙo ne da ya zo ya zama ɗan gari. A shekarar 1843 ne wani ma'aikacin gwamnati a Landan mai suna Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa katin Kirsimeti, aka buga kwafi 1,000, aka sayar da kowanne a kan sule ɗaya. Shekara uku kafin nan, a 1840, Ingila ta fito da tsarin aika wasiƙa da kan sarki na kwabo ɗaya, wanda ya sa talaka ma ke iya aika saƙo nesa. Wani abin lura shi ne, wancan kati na farko inji ne ya buga zanensa, amma da hannu aka shafa masa launi.

Hanyoyi biyu ne suka kawo wannan al'ada kudancin Kaduna. Ta farko ita ce mishan. 'Yan mishan na SIM sun zauna a Kagoro, kuma a farkon shekarun 1930 suka buɗe makarantar horar da masu wa'azi, wadda a yau ta zama makarantar tauhidi ta ECWA da ke garin. Karatu da rubutu sun yaɗu tare da coci, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ta biyu ita ce reluwe. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya iso Kafanchan, daga nan ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya bi ta Kagoro da Manchok ya haura Jos. Jirgi ya kawo ma'aikata daga kudu da arewa, ya kwashi 'yan gida zuwa nesa, kuma a cikinsa buhunan wasiƙu ke tafiya. Inda duk aka samu mai karatu a gida da ɗan'uwa a nesa, kati zai samu wurin zama.

Daga shekarun 1970 zuwa 1990 harkar ta kai ƙololuwa. Shagunan littattafan coci irin su Challenge na ECWA da sauran masu sayar da kayan karatu kan cika da katuna tun daga Nuwamba. Masu akwati a gidan waya, wanda tun 1985 ya koma ƙarƙashin hukumar NIPOST, kan zama ma'aikatan rarraba saƙo na unguwa guda, domin akwatin coci ko na makaranta shi ne adireshin mutane da dama. Bayan na Kirsimeti da na Ista da na Sallah, sai ga wani da 'yan Najeriya suka mayar da shi nasu, wato katin fatan nasara a jarrabawa. Ɗalibin da zai zauna WAEC kan jera nasa a kan akwatinsa a ɗakin kwanan ɗalibai, wasu manya kamar faranti, wasu har kiɗa suke yi idan an buɗe. Zuwan wayar salula a watan Agustan 2001 ne ya fara rage wannan kasuwa, daga baya Facebook da WhatsApp suka kusan ƙarasa ta.

Kwali da takarda mai ado

Wanda zai yi kati da hannu, da kwali yake farawa. Takardar da ake gurza hoto da ita, mai nauyin giram 70 ko 80, ba ta iya tsayuwa da kanta. Ana buƙatar mai kauri, daga giram 200 zuwa 250, irin wadda masu buga katin gayyatar aure ke amfani da ita. Falle ɗaya na girman A4, wato santimita 21 da 29.7, idan aka raba shi biyu aka naɗe kowane rabi, zai ba da kati biyu masu faɗin santimita 10.5 da tsawon 14.8. Wannan awo ba a banza ake bin sa ba, domin shi ne ke shiga ƙaramin ambulan da ake samu a kowane shagon kayan karatu.

Naɗin ma da dabararsa. Kwali mai kauri idan aka lanƙwasa shi kai tsaye yakan tsage a gadon baya. Sai a ɗora rula a tsakiya, a bi layin da biron da tawadarsa ta ƙare ko bayan wuƙa, a danna ba tare da an yanke ba, sannan a naɗe a goge da bayan cokali.

A Turai da Amurka akwai takardun ado da ake bugawa musamman don wannan aiki, yawanci murabba'i mai inci 12 kowane gefe. Ana samun su a manyan shagunan Abuja da Legas, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Dalilin a fili yake: manyan masana'antun takarda uku da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa ko kuma suna aiki ƙasa da ƙarfinsu, mafi yawan farar takardar da ake amfani da ita a ƙasar nan daga waje take zuwa, don haka duk faɗuwar da Naira ta yi sai ta bayyana a farashinta.

Mai dabara kan duba abin da ke kusa da shi. Takardar naɗe kyauta da aka kwance a wajen biki tana aiki. Tsohuwar kalanda tana aiki, haka bayan katin gayyatar da ranarsa ta wuce. Ƙyallayen atamfa da tela ke sharewa a ƙarshen yini, idan aka sa musu sitaci aka goge, sukan miƙe su yanku kamar takarda. Takardar tsakiyar buhun siminti, wadda ƙura ba ta taɓa ba, launinta na ƙasa-ƙasa ya fi fari karɓar baƙar tawada da ja.

Akwai kuma hanyar yin takardar adon tun daga tushe. A dama sitacin rogo da ruwan zafi kamar za a sa wa kaya, a bar shi ya huce, a zuba masa launi, a shafa a kan takarda da soso. Tun yana ɗanye sai a ja mataji a kai, ko tsinken tsintsiya, ko yatsa, a fitar da layuka masu lanƙwasa kamar kunyoyin gona. Masu ɗinkin littattafai a Turai sun yi ɗaruruwan shekaru suna yi wa bangon littafi ado da irin wannan hanya. Mu ma ƙawata takarda ba sabon abu ba ne a wurinmu. A ƙarni na 19 malaman ƙasar Hausa sun yi rubutu a kan takarda mai alamar jinjirin wata uku da fatake ke kawowa daga Italiya ta hamadar Sahara, suna yi mata ado da tawada mai launi, kuma har gobe ana yi wa allon mai saukar karatu zayyana.

Hatimi: a sassaƙa sau ɗaya, a buga sau ɗari

Abin da ya mayar da yin kati sana'a, ya raba shi da wasan yara, shi ne hatimi. Mai zana kowane kati da hannu zai wuni bai gama goma ba, kuma na farko ba zai yi kama da na ƙarshe ba. Mai hatimi kuwa sau ɗaya zai sha wahalar sassaƙa, daga nan sai bugu.

Kayan sassaƙar duk na gida ne. Robar goge rubutu ita ce mafi sauƙi ga mai koyo, domin reza na ratsa ta ba gardama. Tsohon silifa na ba da fili mai faɗi don babban zane. Tiyub ɗin taya, idan aka yanka siffa daga jikinsa aka manna a kan guntun katako, yakan daɗe bai lalace ba. Sakaina ma haka: a ƙasar Asante ta Ghana, musamman garin Ntonso kusa da Kumasi, da guntun ƙwarya ake sassaƙa hatimin da ake buga wa tufafin adinkra zane. Ga yara kuma akwai dankali, akwai kuɓewa, wadda idan aka yanka ta a gicciye aka tsoma a launi take fitar da fure ba tare da an sassaƙa komai ba, sai dai irin waɗannan na yini guda ne.

Ƙa'ida ta farko da mai koyo ke tuntuɓe a kanta ita ce, hatimi a juye yake bugawa. Abin da ke dama a jikin roba, a hagu zai fito a takarda. Ga fure ko tauraro wannan ba matsala ba ce, amma wanda ya sassaƙa “Barka da Kirsimeti” yadda ake karantawa, zai buga abin da sai da madubi za a gane shi. Maganin shi ne a rubuta kalmomin a takarda da fensir mai laushi, a kifa takardar a kan roba, a goga bayanta da farce. Rubutun zai koma jikin robar a juye, sai a bi shi a yanke duk abin da ba rubutu ba. Ana karkata reza waje, yadda gindin kowane harafi zai fi samansa faɗi, in ba haka ba siririn layi zai karye tun a bugu na ashirin.

Wanda hannunsa bai faɗa ba yana da mafita. Masu yi wa ofisoshi da makarantu hatimi suna nan a Kafanchan kamar yadda suke a kowane babban gari, wasu har yanzu da reza suke aiki, wasu sun koma kwamfuta da inji. Wanda ya saba sassaƙa sunan hedimasta da lambar akwatin gidan waya ba zai gagara fitar da kalmomin gaisuwa ba.

Tawada da gam a cikin hunturu

Tawadar hatimin ofis, shuɗiya ko ruwan goro, ita ce ta fi sauƙin samu, amma tana da aibi biyu: ɗigon ruwa ɗaya na watsa ta, rana kuma na kashe launinta. Fentin ruwa na 'yan makaranta ya fi ta armashi idan aka dama shi da kauri aka ɗiga masa ɗan ƙaro, kamar yadda masu haɗa tawadar allo ke yi don ta kama. Ba a tsoma hatimi cikin launi. Ana shafa launin a kan soso, a riƙa dangwala wa hatimin a hankali har ko'ina ya samu, a gwada a wata takarda, sannan a ɗora a kan katin a danna sau ɗaya ba tare da girgizawa ba. Shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa na taimaka wa zanen ya fito sosai.

Gam kuwa, farin nan na kafintoci ya wadatar, muddin ba a cika shi ba. Yawan gam shi ne ke sa kati ya kumbura ya yi tudu da kwari. Ana shafa shi sama-sama da guntun kwali, a manna, a sa katin tsakanin takardu biyu, a danne da manyan littattafai ya kwana.

Yanayi ma yana da ta cewa. Hunturu na busar da tawada nan da nan, abin da ke sa aiki sauri, amma yana busar da ita a kan soson ma, yana kuma nannaɗe takardar da aka jiƙa ta gefe ɗaya. Ƙurarsa na manne wa duk abin da bai bushe ba, shi ya sa ake shanya a ɗaka. Damina kuwa, wadda a yankin Kagoro take da tsawo da yawan ruwa fiye da ta Kano ko Katsina, tana sa kwali ya yi laushi ya yi fumfuna, don haka wanda ya fara tara haja tun watan Satumba sai ya adana ta a leda ko akwati mai murfi.

Game da tsari, masu ido kan taƙaita. Launi biyu ko uku sun isa. A bar gefen kwalin ya fito kamar rabin santimita a kewayen takardar ado, a sa hatimin a kan ƙaramar farar takarda a tsakiya ko ɗan sama kaɗan, a bar sauran filin ya sha iska. Katin da aka cika wa ƙyalƙyali da ribbon ta ko'ina, ido ba ya sanin inda zai tsaya.

Hoton wa ke jikin katin?

Idan aka koma kan waccan igiya ta falo aka dubi hotunan da ke jikin katunan, za a ga abin mamaki. Dusar ƙanƙara ce ta rufe rufin gida, ga wani tsoho mai jar riga a kan keken da barewa ke ja, ga wani ganye mai ƙaya da jajayen 'ya'ya wanda ba ya tsiro a ƙasar nan. Shekara da shekaru mutanen da ke bikin Kirsimeti cikin hazo da ƙurar hunturu suna gaisa da juna da hoton yanayin wasu.

Ga mutanen Kagoro wannan batu na da tsohon tabo. A 1912 wani jami'in mulkin mallaka mai suna A. J. N. Tremearne ya wallafa littafi a Landan mai suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria, wanda kaso mai yawa na cikinsa a kan Kagoro da maƙwabtansu yake. Sunan littafin kaɗai, da ya kira su masu wutsiya masu farautar kawuna, ya nuna irin idon da aka kalle su da shi. Da irin wannan hoto duniya ta fara sanin garin, kuma ba masu garin ne suka zana shi ba.

Hatimi ƙaramin abu ne, amma yana ba mai shi ikon zaɓen abin da zai nuna. Siffar dutsen Kagoro layi uku ko huɗu ce a jikin roba. Ga ƙahon mafarauta, ga kwari da baka, ga rumbu, ga zangarniyar dawa, ga citta wadda kudancin Kaduna ya yi suna da nomanta, ga ruwan Matsirga da ke zubowa kusa da Kafanchan. Ga kuma fuskokin Nok. Ƙauyen Nok na cikin Ƙaramar Hukumar Jaba, kuma kan mutum-mutumin yumɓu da aka kai wa Bernard Fagg a Jos a 1943, wanda ya buɗe ƙofar binciken wannan tsohuwar wayewa, a yankin Jama'a aka tono shi, har an ɗan yi amfani da shi wajen korar dabbobi a gonar doya. Idanun nan masu kusurwa uku da huda a tsakiya kamar don hatimi aka yi su.

Sai kuma harshe. Kamfanin da ke buga katuna dubu-dubai a ƙasar Sin ko a Legas ba zai tayar da injinsa don Gworok ko Jju ko Tyap ko Hyam ba, domin masu saye ba su kai yawan da zai mayar masa da kuɗinsa ba. Hausa ma, duk da ita ce harshen kasuwa da na coci a yankin, ba kasafai take samun wuri ba. Mai hatimi kuwa kati talatin sun ishe shi dalilin sassaƙa gaisuwa da harshen kakarsa. A lokacin da yara da yawa da aka haifa a birni ba sa jin harshen gida, jimla ɗaya da aka buga daidai, aka rataya a bango ta shekara, tana da nata amfanin.

Lissafin sana'a

Kada a ruɗi kowa, yin kati ba sana'ar da za ta riƙe gida ita kaɗai ba ce. Kasuwarta ta lokaci ce: Disamba, Ista, Sallah, lokacin jarrabawa, ranar iyaye mata a coci, sai bukukuwan aure da yaye ɗalibai. Tana zama daidai ne a matsayin ƙari ga mai ɗinki, mai yin kek, mai ƙawata wurin biki ko malamin makaranta.

Babban kuskuren masu farawa shi ne su ƙirga kuɗin kwali da gam su manta da lokacinsu. Wanda ya shafe awa guda a kan kati ɗaya ya sayar da shi a farashin na inji, ya yi aikin banza. Dabarar ita ce a yi aiki kashi-kashi: a yanka hamsin, a naɗe hamsin, a buga hamsin, sannan a bambanta su da takardar ado da rubutun ciki. Ciniki mafi tabbas kuma shi ne na oda, kamar makarantar da ke son katin iyaye, ƙungiyar Zumuntar Mata da za ta gaida tsofaffi da marasa lafiya, ko ango da amarya da ke son katin godiya. Wayar da ta kashe tsohuwar kasuwa ita ce kuma tallar sabuwa, domin a WhatsApp ake nuna samfuri, a tasha a ba direba saƙo zuwa Abuja ko Kaduna.

Wasu ƙasashen sun nuna inda abin ke iya kaiwa. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar da katinsa na farko a 1949 daga zanen wata yarinya 'yar ƙasar Chekoslobakiya, sayar da katuna kuma ya zama ɗaya daga cikin hanyoyinsa na tara kuɗi. A Kigali ta ƙasar Ruwanda, kamfanin Cards from Africa ya ɗauki matasa marayu aiki suna sarrafa tsohuwar takarda su mayar da ita sabuwa, su yi katuna da hannu ana sayarwa a Turai da Amurka. Abin da masu saye ke biya a can shi ne aikin hannu da kuma sanin inda katin ya fito. Garin da ke tara dubban baƙi kowace ranar 1 ga Janairu, waɗanda da yawansu ke neman tsarabar da za su koma da ita, yana da irin wannan dama a ƙofar gidansa.

Zumunta a ƙafa take

Kudancin Kaduna yanki ne da ya ga jarrabawa. A watan Maris na 1987 rikicin da ya faro daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, babbar kasuwar Kafanchan ta ƙone. A Disamban 2022, mako guda kafin Kirsimeti, 'yan bindiga sun afka wa Malagum da Sakwong a masarautar Kagoro suka kashe mutane da dama. Kowane irin wannan tashin hankali na barin unguwanni a rabe, yana kuma rage zirga-zirgar da a da ke sa a aika yaro da kwanon abinci gidan maƙwabci Musulmi ranar Kirsimeti, kwanon ya dawo da naman layya ranar Babbar Sallah.

Takarda da tawada ba za su magance abin da ya gagari hukuma ba. Abin da kati ke iya yi kaɗan ne: yana ba mutum dalilin ƙwanƙwasa ƙofar da ya daɗe bai ƙwanƙwasa ba. Saƙon waya na isa ko da mai aikawa na kwance a gadonsa. Katin hannu sai an wanke ƙafa, an bi hanya, an yi sallama. Gidan da aka yi rashi a cikin shekarar, inda fatan murna ba ya faɗuwa a baki, kati mai sauƙin ado da layi biyu na ta'aziyya kan faɗi abin da baƙon ya kasa furtawa.

Rubutun ciki kuwa ba ya son tsawo, amma yana son ladabi. Ba a rubuta wa babba sunansa tsirara. Baba ne, Mama ce, Kaka, Kawu, Gwaggo, Malam ko Baba Fasto, basarake kuma a fara masa da “Ranka ya daɗe”. A ƙasa mai aikawa ya sa sunansa da na gidansu, da shekara, domin wata rana wani zai tsinci katin ya so sanin lokacin.

Sau da yawa wadda aka kai wa ba ta iya karatu ba, ko kuma idonta ya raunana. Sai jikan da ya kawo ya durƙusa ya gaishe ta, ya buɗe ya karanta mata, ya nuna mata dutsen da ya buga a gaba, ta shafa ta ji tudun takardar a yatsunta, ta tambayi wanda ya koya masa. Yaba kyauta tukwici, ba zai fita ba sai da cincin a aljihu ko cinyar kaza a hannu. Katin kuma ta soke shi a bayan madubi, ko ta sa shi cikin Littafi Mai Tsarki, ko a ƙasan akwatin zannuwanta. Idan jikokin sun yi yawa har katunan suka kai biyar ko shida, sai ta sa a nemo mata igiya.